Tandar Ƙarfe Huɗu

Ƙarfe huɗu na dare, Porto na barci,
hazon kogi ya rufe gada har wuya,
sai in ji Ermelinda a saman ɗakina,
silifas ɗinta na jan katako.
Shekara bakwai da rufe gidan burodin,
amma har yau labarin bai kai wa idonta ba.
Sabo turken wawa, ita ma ta san haka.

Ran nan ƙamshi ya biyo matakala ya same ni,
na hau da sunan aron ashana.
Faranti biyu na shan iska a bakin taga:
ɗaya biskit ne mai faɗin tafin yaro,
ɗayan kuwa mitsi-mitsi, kamar maɓallan riga.
Ban tambaya ba, na jefa ƙarami a baki.
Lami! Ba gishiri, ba sukari,
sai ka ce kwali aka shafa wa kabewa.

Ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.
"Maƙwabci, ka cinye kumallon Migalha."

Ga Migalha can a keji bayan ƙofa,
ɗan ɓera mai launin zuma, wutsiya ko ta rantsuwa,
yana gudu cikin ƙafar keke da ba ta zuwa ko'ina.
Na jikarta Noémia ne,
wadda aikin jinya ya kai Geneva.
Ta ce wata uku. Damina ta biyu ke nan.

Manyan kuma na Tareco ne,
karen marigayi Custódio,
da ke kwance gindin tanda yana bin ta da ido.
Haƙoransa sun yi ƙaura ɗaya bayan ɗaya,
sai ta jiƙa masa nasa a romon kaza
kafin ya iya.

Na zauna ina kallon hannuwanta.
Garin alkama mai dusa, kabewa dafaffa,
karas ta goge shi har ya zama zare,
rabin tuffa, ta tsince 'ya'yan da bakin wuƙa.
Ta raba kwaɓin biyu,
ta fasa wa na kare ƙwai, ta zuba lallausar gyaɗa.
Albasa da cakulan, ta ce, ko inuwarsu.
Bakin kofin shayi ke yanka na Tareco,
na Migalha kuwa murfin kwalbar maganin hawan jini.
Wuta kaɗan, haƙuri da yawa,
har su bushe su yi ƙwaras a tsakanin yatsu.

"Shekara arba'in," ta ce, ba ta ɗago ba,
"ina ɗana wa danginsa tarko bayan buhunan gari.
Kowace safiya Custódio ya kwashe gawa,
ni kuma in sake saka cuku.
Yau ga ni ina auna wa ɓera karas a cokali,
ina fargabar kada cikinsa ya ɓaci."

Ta miƙa ɗaya ta tsakanin waya.
Ya karɓa da hannu biyu kamar mai ladabi,
bai ci ba,
ya cusa a kumatu, ya sake miƙo hannu,
har fuskarsa ta fi jikinsa faɗi,
ya je ya binne a ƙarƙashin diddigar katako.

"Ajiya yake yi. Bai yarda da gobe ba.
Ni ma da gwangwani biyar cike a kabad,
ko yarinyar za ta zo ta tafi da shi."

Tareco ya lashe kwano har ya tura shi bango.
Gari ya soma wayewa a kan rufin gidaje.
Da zan fita na lura da takardar girkin,
rubutun hannunta, duk tabon mai,
rataye a ƙusa kusa da tanda.
Abin da ya cije ta kada iska ta ɗauke,
tsohon tarkon ɓera ne.

Ashanar ma na manta da ita.