Littafin Mai Ɗana Takarda

Na shafe takardu da man zurma,
na kafa su a bakin suri kafin magariba,
can bayan Bomo, inda gafiya ta haƙa rami
a gindin katangar Malam Barau.
Yara na bi na: "Mai takarda, yau me ka kama?"
Na ce, abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Ƙudan rairayi ba ya kuka irin na sauro,
ba ya sallama, ba ya ban kwana.
Tsalle yake gajere-gajere kamar mai jin kunya,
kuma macen ce mai shan jini.

Da bazara takardata kan yi ɗigo-ɗigo da su.
In koma Samaru, in zauna gaban madubi,
in tsaga ciki bayan ciki da bakin allura.
Ɗari biyu, hanji fes.
Na rubuta sifiri har biro ya gaji.

Agusta ta zo, Kubanni ta cika ta batse,
ruwa ya ci ramuka, takarda ta jiƙe.
Bakwai na samu a mako guda.
Oga ya ce, rubuta, bakwai ma amsa ce.

Sai da ruwa ya janye, dawa ta sunkuyar da kai,
na tsaga wata tsohuwa mai jan ciki,
na gan su: sirara, masu wutsiya,
suna wutsil-wutsil kamar tarwaɗa a ragowar tafki.
Na kira Asabe daga ɗakin gaba,
ta leƙa, ta daɗe, ta ce: ga kyau, ga mugunta.

Wata uku bayan nan, an gama sussuka,
Barau ya riƙo hannun jikarsa Kuluwa.
Gyambo a kuncinta, faɗin kwabo,
baki a tashe, ba zafi, ba ya jin man shafawa.
Kakarta ta ce bakin mutane ne.
Ni na buɗe littafi, na koma baya shafi-shafi
har daren da zufa ta fitar da tabarma tsakar gida.

Ban faɗi ranar ba, don ban san ta ba.
Makon kawai na sani.
Na ce su kai ta Shika,
su yaɓe tsagar nan, su sauke gidan sauro da wuri.

Barau ya ce, to baɗi fa?
Na ce man zurmata bai ƙare ba.