Fayafayai Goma Sha Tara

A Valparaíso, kan tudun da iska ba ta hutu,
matakala ɗari da sittin tsakanina da teku,
na baza fayafayan Herminia Salvatierra a kan gado,
goma sha tara, iyakar abin da ta bar wa duniya.
Jikata Maite ta ce, "Kaka, jera min su,
daga gwani har zuwa na kashin baya."
Na ce mata to.
Yau kwana arba'in ke nan.

Na ƙarshe bai wahalar da ni ba:
wanda kamfani ya lafta mata masu goge talatin,
suka lulluɓe muryar kamar an zuba wa kifi sukari.
Ya tafi can ƙasa, ya zauna.

Faifanta na fari, na shekarar hamsin da shida,
'yar sha bakwai ce mai tsoron makirfo,
tana sauri kamar ta bar tukunya a wuta.
Gita ɗaya, da mai akodiyan da kullum yake makara.
Na sa shi na shida, na goge, na mai da shi na huɗu,
na sake gogewa, har fensir ya huda takarda.

Anselmo mai gyaran agogo ya hawo yana haki,
ya gyara tabarau, ya duba jerin, ya ja tsaki:
"Na Buenos Aires ne gaba, kowa ya sani,
a nan muryar ta nuna, ba ɗanya, ba ruɓa."
Da gaskiyarsa. Ko tsaga babu a jikinsa.
To abin da ba shi da tsaga, ta ina mutum zai shiga?
Muka sha shayi, muka rabu kowa da bakarsa.

Akwai ukun da ta yi a ƙasar ƙanƙara,
sa'ad da sunanta ya zama laifi a rediyo.
A hannun wani ma'aikacin jirgi na saye su,
a tashar da na shekara talatin ina ɗaga kaya,
na hawo da su gida cikin buhun albasa.
Da wane mudu zan auna su?
Kunne ya ce ganga ta yi yawa.
Ƙirji ya ce, ka tuna yadda muka rufe taga,
muka rage sauti har numfashinmu ya fi shi ƙara.

Ɗaya kuma girgizar ƙasa ce ta tsaga shi.
Allura na zuwa kan kalmar "gobe" sai ta maƙale,
gobe, gobe, gobe,
sai na sa yatsa na tsallakar da ita.
Na manta yadda baitin yake ƙarewa,
na kuma ƙi sayen sabo.

Saura wanda masana ba sa ko ambato,
wanda aka ɗauka a wata mashayar bakin tasha.
Murya ta dushe, ta ɓatar da baiti, ta nemi gafara,
kofuna na karo, kare na haushi a waje.
A waƙa ta biyar, bayan minti biyu,
wata mace ta yi dariya a teburin baya,
'yar gajeriya, ta yi maza ta toshe baki.
Rosalba ce.
Ni na raɗa mata abin dariyar,
ga shi na rasa ko mene ne.
Shekara tara da na raka ta makwanci a Playa Ancha.

Ran Lahadi Maite ta zo, ta ɗauki takardar.
"Kaka, ai babu na ɗaya. Daga na biyu ka fara."
Na ce allurar ce ta tsufa, sai mun sayo wata.
Ta dube ni, ta dubi faifan da ke juyawa,
ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa.
Can a tasha wani jirgi ya yi kuka.
Na ɗaga mata yatsa:
"Yi shiru. Saura kaɗan."