Jan Fil a Kan Taswira

Ni ne Ebbe, shekarata tamanin da tara.
Talatin daga ciki a kan keke na yi su,
ina rabon wasiƙu a unguwannin Boden.
Yau daga gado zuwa taga
sai na nemi shawarar gwiwoyina.

Tyra ce ke yi mini aski ranar Talata.
Wata Talatar, da reza a hannunta, ta ce:
"Zan tuƙo keke daga Malmö har ƙofar gidan nan."
Na ce, ajiye rezar tukuna, ki maimaita.

Kowane kilomita da kuɗinsa.
Mai gasa burodi ya sa hannu, mai kantin magani ya sa,
har direban motar shara.
Keke za a saya mana, mai kujera a gaba,
a ɗora tsoho, a lulluɓe shi da bargo,
a kai shi ya ga kogi da idonsa
ba sai an ba shi labari ba.

Muka manna taswira a bangon ɗakin cin abinci.
Ragnhild ta naɗa kanta sarauniyar jan fil.
Kullum bayan kofin safe, hannu na karkarwa,
sai ta matsar da shi sama
faɗin yatsa ɗaya.

Na san abin da ke cikin faɗin yatsan nan.
Iskar da ke dafa ƙirjinka ta ce koma,
ruwan da ke bin wuya ya gangara har takalmi,
tudun da ba ya amsa gaisuwa,
sirdin da kuka kwana lafiya
ya wayi gari yana gaba da kai.

Kwana na tara, fil na Sundsvall,
Ragnhild ba ta fito shan kofi ba.
Da hantsi aka naɗe katifarta.
Muka haɗa baki kada a faɗa a waya.
Kwana biyu ba wanda ya taɓa fil ɗin:
yarinya na can tana taka feda,
mu nan mun tsayar da ita a bango.
Ran na uku na murza kujerata na isa wurin,
na biya bashin yatsu uku.

Sai ga bikin doguwar rana.
Aka kafa sanda a tsakar gida, aka yi mata rigar ganye,
furanni suka hau kan furfura.
Ga kifi mai tsami, ga sabon dankali.
Valdemar ya ɗauko gogensa,
ya manta rabin kiɗan, ya cike da dariya.
Ma'aikata na tsallen kwaɗo,
mu na kujera muna rawa da kafaɗa.

An ce ƙarfe uku za ta iso.
Uku ta wuce. Shida ta bi ta.
Aka kwashe kwanuka, furanni suka yi yaushi.
Mai gadin dare ta ce, "Ebbe, dare ya yi."
Na nuna mata rana a kan itatuwa:
ina daren?

Sha biyu saura kwata ta ɓullo,
a ƙafa, tana tura keken,
sarƙa a tsinke, rataye a wuyanta,
fuska duk cizon sauro.
Na miƙa mata sitiroberin da na ɓoye cikin hula.
Ta ci biyu a tsaye,
tana duba tagogi ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Ragnhild?"

Na buɗe tafin hannunta,
na ajiye mata jan fil.
Ta daɗe tana kallonsa.
Ni ban iya irin wannan shirun ba,
sai na ce, miƙo sarƙar nan in gani,
a samo mini filaya da tabarau.
Ƙafa ce ta yi ritaya,
hannun bai ji labari ba.