Littafin Kurmin Baba

Baba ya bar mini kurmi a bayan Kuru,
eka shida, shingen kerana,
da tsohon ramin kuza da ruwa ya cika.
Bai bar takarda ba.
Lissafin na cikin kansa, tare aka binne su.

Mai gawayi ya zo ran Talata,
ya daddaki gindin turare da tafin hannu,
ya faɗi kuɗin da ya sa tafina ƙaiƙayi.
Na ce ya dawo bayan damina.

Na kira Dalyop, tsohon malamin daji,
da igiyar awo da jan fenti.
Kwana uku muna ƙirga.
Ya ce: raba shi biyar, Kande,
sare kashi ɗaya, huɗu su huta.
Na bakin rafi, ko reshe kar ki taɓa,
su ke riƙe da ƙasar.
Share hanyar wuta tun ciyawa na ɗanya.

Atili bakwai muka shafa wa alamar bari.
Ƙanana ne, ba lallai in ɗanɗani mansu ba.

Shafin ƙarshe na bar shi fari,
sai sunan 'yata a sama,
ita da har yau
ko tsutsa ta gani sai ta ruga.