Ƙanƙarar Zuwera

Kuran ya tafi tun azahar.
Ina jin firij yana ɗiga a ɗaki,
jarina yana bin rariya dala-dala,
ƙannena biyu kuwa suna zaure kan tabarma
suna rabon arzikin ƙasa da fatar baki.

Barmu ya ce depiten su Kiyari
ba wakilin kowa ba ne, yaron kamfani ne.
"Wa ya saya masa motar nan mai baƙin gilas?
Wa ya kai ƙanen matarsa buro a matata,
yaron da ko sunansa ba ya rubutawa daidai?
Duk tankar da ta bi hanyar Tanut da dare
da ladansa a cikinta."

Kiyari ya aje kofin shayi.
"Naku fa? Sa'ad da kujera ke hannunku
wa ya sa hannu a takardar da ba wanda ya karanta?
Kun ci, kun goge baki,
yau kun wayi gari limaman tsarki.
Namu ko ba komai ya haƙa foraj a Garin Malam."

"Wanda ya ƙafe kafin a kwance rumfar buki?"

Inna tana tsakar gida da mafici da carbi.
Nono ɗaya ta ba su.
Yanzu in ɗaya ya sa hular jam'iyyarsa
ɗayan sai ya ci tuwo da baya gare shi.

Ni ba ni da kati, ba ni da hula.
Amma na sai da ruwan sanyi a miting biyu,
Asabar a Zango, Talata a Birni.
Can baya ake tura masu talla,
inda gurup yake ruri yana ba lasifika numfashi.
Ja ne, murfinsa ya lotse ta hagu,
an ɗaure shi da wayar keke,
mai tsaronsa wani ɗan Mirriya mai wushirya.
Ran Talata, ga lotsar nan,
ga wayar nan,
ga wushiryar nan tana mini murmushi.
Tuta kaɗai aka sake.
Na ce, "Kai kuma na wa ne?"
Ya ce, "Yaya, maigida ɗaya, gazawal ɗaya.
Kowa ya hau, mu muka haska shi."

Na ɗauki zancen nan na kai zaure
kamar mai kai gishiri a miyar da ta rasa.
Barmu ya ce gurup ai kama yake yi da gurup.
Kiyari ya ce haya ce, meye abin magana a haya?
Suka dubi juna, karo na farko tun ƙaramar salla,
suka yarda da abu guda:
mai ƙanƙara ba ta san siyasa ba.

To, ban sani ba.
Na san leda arba'in da uku na ƙulla jiya.
Na san kwalbar isansi a bakin Kasuwar Dole
ta fi kwanon gero saurin hawa.
An ce can arewa akwai harshen wuta kan bututu
da ba ya mutuwa dare da rana.
Ban taɓa ganinsa ba.
Cocila nake cizawa da haƙori in ina ƙirga canji.

Da aka kira magariba
na farke ledojin ɗaya bayan ɗaya,
na juye abin da ya saura a buta.
Da ɗan sanyinsa har yanzu.
Barmu ya fara, ya miƙa wa Kiyari ba tare da ya dube shi ba.
Kiyari ya ce, "Kai, ruwan nan da daɗi."
Ban ce musu jaka biyu suka wanke ƙafa da ita ba.

Ƙarfe biyun dare kuran ya dawo.
Radiyon da aka manta a buɗe ya farka
yana cewa an samu ci gaba.
Na tashi na cika leda.