Irin Da Ido Bai Gani

Taƙi biyu suka yanke daga hanjina a Shika,
suka ɗinke ni, suka ce in yi tusa kafin in sha koko.
Ranar da na yi, Ladidi ta yi guɗa a ɗakin maza.

Mako huɗu, na koma da ƙafata.
Likita ya ce, mun cire duka.
Na ce alhamdu lillahi.
Ya ce, duk abin da ido ya gani.
Nan na san da sauran magana.

Ya kifa takardar gwajina, ya ɗiga ɗigo ɗari a bayanta.
Waɗannan mutane ne irinka, in ji shi.
Saba'in, ko ba a ɗura musu komai ba, ciwo ya tafi ke nan.
Ashirin, ko an ɗura, zai dawo.
Goman nan na tsakiya su ne maganin ke tsamowa.
Na ce, ni a wane layi nake?
Ya rufe bironsa.
Ya ce, Malam Tanimu, da na sani da ban tambaye ka ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a gonakin gwaji na Samaru
ina ƙirga wuta-wuta a gindin dawa.
Na san irinta. Hura shi ka yi a tafin hannu, ya ɓace.
Yana kwana a ƙasa shekaru, bai ci ba, bai sha ba,
sai saiwa ta gifta ya farka.
Manomi nawa na ce wa, kada tsabtar gona ta ruɗe ka?
Suna kallona, suna lissafin kuɗin taki.
Yau ni ne gonar,
kuma ni ne mai lissafin.

Wata shida.
An ce yatsu za su yi dindiris,
maɓallin riga ya gagare ni, carbi ya zame ban ji ba.
An ce ruwan sanyi zai zama ƙaya a maƙogwaro.
Duk wannan, wataƙila don abin da babu shi.

Ladidi ba ta ce kada in yi ba.
Cewa ta yi, ka tuna Yaya Asabe.
Na ce, nata ya riga ya bazu.
Ta ce, na sani. Ta ci gaba da tsince shinkafa
wadda ta riga ta tsince.

Sagir ya kira daga Kaduna:
Baba, a yi, ko da filin Zango za a sayar.
Filin da na saya masa yana aji uku,
na dasa darbejiya a kusurwa huɗu don kada a ci iyaka.
Liman ya ce neman magani ba ya rage tawakkali,
barinsa ma ba kafirci ba ne.
Na taho da wannan gida, ya yi mini yawa ta ko'ina
kamar rigar aro.

Da dare na shafa tabon, daga cibiya zuwa ƙasa.
Shiru.
Gona ma haka take yi a watan Maris.

Asibiti ranar Alhamis ne.
Ban ce wa kowa e ba.
Na dai tambayi yaron Ɗanjuma nawa zai kai ni a Keke
daga Kwangila, ya jira, ya dawo da ni,
sau ɗaya duk mako uku.

Yau Laraba. Na tashi kafin assalatu,
na buɗe randa, na cika moɗa.
Na sha a tsaye, da sanyinsa, har haƙora suka amsa.
Na sake cikawa.
Ladidi na bakin ƙofa, ashe, da buta a hannu.
Ba ta ce in zauna ba.