Gishiri a Kumatun Tumba

Ni na san ruwa.
In giwan ruwa ta juya a ƙasan gulbi
ina ganewa daga cikin kwalekwale.
Amma kwana uku ina kallon fuskar 'yata
ban karanta komai ba.

Daren farko na ce sauro ne.
A tungarmu sauro ake zargi
ko da akuya ce ta yi atishawa.
Na biyu, majina, da tari busasshe
kamar ana kankare ƙwarya.
Na uku, Tumba mai tsere da inuwarta a kan yashi
ta juya wa ƙofa baya,
ta ce rana na cizon ta a ido.
Idon kuwa ja, yana ruwa, ba kuka take ba.

Kakarta ta taɓa goshin, ta janye hannu,
ta ce, baƙo ne, kada a kira sunansa.

Na tuƙa mu zuwa Yelwa da asuba.
Malama Ige ba ta tambaye ni sauro ba.
Ta kunna fitilar wayarta,
ta ce, 'yar masunci, buɗe baki kamar tarwaɗa.
Ta ce in matso in gani da idona:
can cikin kumatu, daura da turame,
farare, ƙanana,
kamar an barbaɗa gishiri a kan ɗanyen nama.

Sai ta lanƙwasa kunnen.
A bayansa, inda ban taɓa dubawa ba,
ƙuraje sun riga sun kafa sansani.

Ƙyanda ce, in ji ta, kai tsaye,
ba ta rage murya ba.
Gobe fuska, jibi ƙirji,
gata ta gangara ƙafa.
Ta faɗa kamar yadda nake faɗin ranar da ruwa zai hau.

Ina katin rigakafi?
Na dubi ƙasa.
Ranar da masu allura suka zo da akwatin ƙanƙara
kifi ya yi gudu, mun bi shi da kowa da kowa.

Ta yanke kan jan ƙwanso da almakashi,
ta matse a harshen Tumba, don ido.
Ta ɗibi jini kaɗan, za a aika gwaji.
Ta ce in numfashi ya yi sauri,
in ta ƙi sha, in ido ya yi hazo,
ko tsakar dare ne in kwance jirgi.
Sannan ta ɗauki biro:
da wa da wa take wasa?

Manu. Hajo. Tagwayen Jaɓɓi.
Jaririn Balki da take goyawa da zanen uwarta.
A nan muryata ta tsaya.

Yau kwana tara.
Fatar Tumba na zuba kamar dusa a tabarma,
ta nemi kunu da kanta.
Ni kuwa ina bi gida gida da fitila,
ina lanƙwasa kunnuwan 'ya'yan mutane.